Sunan Asabe a Jikin Bango

Kai mai karatu, ko ɗana ne kai, ko jikana, ko baƙon da ya tsinci wannan ɗaurin takardu a cikin akwatina, ka nemi wuri ka zauna, don ba domin nishaɗi na ajiye su ba. Sunana Lantana, a Bungudu nake. Sana'ata matsar man gyaɗa da suyar ƙuli-ƙuli, mata tara ne suke aiki a tsakar gidana. Wasiƙun nan tsakanina ne da ɗana Mahadi, wanda yake aiki a Abuja, a wani kamfani mai koya wa 'yan kasuwa tsarin aiki. Mun rubuta su a shekarar da aka rufe layukan waya a Zamfara, Malam Jatau direba ne ya riƙa kai mana su. Idan ka yi karatu, kana ɗokin ka dawo gida ka gyara wa tsofaffi aikinsu, to ka fara ganin abin da hakan ya jawo a gidana.

Bungudu,
9 ga Satumba, 2021

Mahadi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya, da aiki, da mutanen da kuke zaune tare. Mu nan sai godiyar Allah. Ƙafata ta yi sauƙi. Ƙanwarka Zainab ta yi zazzaɓin kwana biyu, ta warke. Ruwa yana sauka yadda ake so.

Ba gaisuwa ce ta sa na ɗauki biro ba. Asabe ta bar aiki. Yau kwana shida faifanta yana rataye, ba wanda ya taɓa shi. Ta kulle ɗakinta ta tafi Tsafe wurin 'yarta Dorcas. Kuma kai ne sanadi.

Da ka zo Babbar Salla ka liƙa ƙaton kwali a bangon rumfar suya, ka cika shi da layuka da ƙananan takardu kala-kala, ka ce sunansa taswirar sana'a. Na saurare ka. Ka kafa mana taron safe, ka ce a tsaye za a riƙa yin sa don kada ya yi tsawo, kowa minti biyu, tambaya uku: me kika yi jiya, me za ki yi yau, me ya tare miki gaba. Ka danƙa wa Zainab agogo, ka hau mota ka tafi abinka.

Ga abin da ka bar mana. Ranar Juma'ar da ta wuce an zo kan Asabe. Ta fara yadda kowane mai tarbiyya yake farawa. Ta tambaye ni ƙafa, ta tambayi Wasila jikin ɗanta, ta yi wa Nana Khadija barka da haihuwar ƙanwarta. Sai Zainab ta ɗaga agogo.

"Mama Asabe, lokacinki ya ƙare."

"Wane lokaci, 'yar nan? Ai ban ma fara ba."

"Minti biyu ne. Yaya ne ya ce."

Wasila ta rufe baki da mayafi tana dariya, ta ce, "To Mama, sai gobe ki ƙarasa gaisuwar." Sauran ma suka dara. Asabe ba ta yi dariya ba. Ta juya za ta koma wurin faifanta, sai ta yi kiciɓis da wata jar takarda a gefen kwalin nan naka, wadda Zainab ta liƙa da safen saboda saƙon da ka aiko mata kafin a rufe waya. Manyan baƙaƙe ne, ko daga bakin ƙofa ana ganin su. Asabe ta karanta su a fili, kowa yana ji: "Tsintar gyaɗa, Asabe. A daina. A sayo tsintacciya daga waje."

Ta karkaɗe zanenta, ta ce, "To, Allah ya ba mu alheri," ta fita. Ni mamaki ya hana ni magana.

Bari in tuna maka wace ce ka rubuta sunanta a jar takarda, tunda Abuja ta mantar da kai. Matar nan ta zo garin nan daga Zuru tare da mijinta marigayi Bitrus, malamin gona. Shekara ashirin da huɗu ke nan da muka fara aikin nan ni da ita, da kasko ɗaya da turmin aro. Ranar da babanku ya rasu ita ta hura wutar gidan nan har kwana bakwai. Da ka yi ƙyanda kana shekara uku, bayanta ne ya goya ka zuwa asibiti. Ita ce yau ƙanwarka, wadda aka haifa a gabanta, take tsayarwa a tsaye tana auna mata magana da agogo.

Ka rubuto wa Asabe takardar ban haƙuri da hannunka, ka ba Malam Jatau. Ka kuma rubuta wa Zainab ta sauke kwalin nan, don ta ce sai da izininka. Dubi inda aka kai ni, a cikin gidana sai an jira izini daga Abuja.

Mahaifiyarka,
Lantana

Abuja,
21 ga Satumba, 2021

Inna,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki da girmamawa. Na ji daɗi da ƙafa ta yi sauƙi, a gaishe da Zainab da jiki. Ina nan lafiya lau. Wasiƙarki ba ta iso ba sai jiya, motar Malam Jatau ce ta lalace a Funtua ta daɗe a wurin makanike.

Inna, na fahimci damuwarki, kina tsoron kada Mama Asabe ta rasa abin dogaro. Wallahi ba haka nake nufi ba. Bari in sake bayani a hankali. A saman taswirar akwai mai saye, da abin da yake so, wato mai mai kyau da ƙuli mai garɗi. A ƙarƙashinsa akwai duk ayyukan da ake bi kafin a kai masa. Aikin da mu kaɗai muka iya, ana ajiye shi a hagu, a riƙe shi. Aikin da kowa yake yi, wanda za a iya samu a ko'ina, ana matsar da shi dama, a sayo daga waje. Tsintar gyaɗa tana cin kwana uku a hannun Mama Asabe, alhali a Gusau akwai injin da yake yin ta kafin a yi sallar azahar. Aikin na matsar, ba mutum ba. Gaskiya kuma ban ɗauka tana karanta abin da ke jikin kwalin ba.

Ga shawarata. A shirya mata ɗan biki na sallama, a saya mata atamfa mai kyau, a gode mata a gaban kowa. Ta yi aiki, ta cancanci hutu. Abin da take samu kuma kada a taɓa shi.

Maganar sauke kwali, ki ƙara mini haƙuri kaɗan. Duk canji haka yake, da farko sai an ji zafinsa. Na saka wa Zainab takarda a cikin wannan, ta je Gusau ta sayo tsintacciyar gyaɗa a gwada na mako biyu. Amfanin tsarin ke nan: a gwada kaɗan, a duba, in bai yi ba a canza. Kuskuren mako biyu ba ya kashe sana'a.

Ɗanki,
Mahadi

Bungudu,
4 ga Oktoba, 2021

Mahadi,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ina fata kai ma haka. Zainab tana gaishe ka, ko da yake ba ta da bakin gaisuwa a kwanakin nan.

Na karanta wasiƙarka sau uku ina neman kalmar haƙuri guda ɗaya da ka aiko wa Asabe. Wadda na samu ni ka ce in ƙara maka. Atamfa! Na rubuta maka an ci mutuncin mata, ka amsa mini da atamfa. Wa ya ce maka abinci take nema? 'Yarta malamar asibiti ce, ɗanta Samuel yana da shago a Zuru. Da don abin sawa a baki take zuwa, da ta daɗe da zama.

Kuma ka ce ba ka ɗauka tana karatu ba. Wannan ya fi komai ɓata mini rai. Wato da ba ta iya ba, ba laifi a rubuta sallamarta a bango tana wucewa ta gabansa safe da yamma? Matar da take tsayawa a cocinsu ranar Lahadi tana karanta wa mata littafin addininsu! Ka ga tsohuwa da ɗankwali a kan tabarma, shi ke nan ka yanke mata hukunci. Ba haka na rene ka ba.

To an yi gwajin naka. Na bari aka yi don kada a ce na tsaya wa ilimi a gaba. Zainab ta sayo gyaɗar Gusau, fara tas, kowace ƙwaya daidai da 'yar uwarta. Aka soya, aka murje, aka kai niƙa. Tun a wurin matsa Wasila ta ce ƙamshin bai yi mata ba. Da aka ɗora man a wuta sai kumfa ta taso har tana zuba a murhu. Ƙulin kuwa, ka gatsa ka ji ɗaci a maƙogwaro. Sabuwar gyaɗa ce da aka ɓare ba ta gama bushewa ba, aka gauraya da tsohuwa mai fumfuna a ciki. Injinka girma yake aunawa. Asabe kuwa hannu take cusawa har tsakiyar buhu, ta shinshina, ta gatsa ƙwaya ɗaya, ta ce wa mai kaya ya koma ya ƙara shanyawa kwana huɗu. Kai ka ga mace tana tsintar tsakuwa a faifai, ka rubuta cewa aikin kowa ne.

Hajiya Suwaiba mai gidan abinci a Gusau, wadda ta fi shekara goma ba ta sayen man kowa sai namu, ta dawo da jarkokin man da ƙafarta. Ta tsaya a tsakar gidana ta ce, "Lantana, ke ce kika yi wannan ko aljanu? Ƙosaina jiya ko kaji sun ƙi shi. Ina Asabe?" Zainab ta shige ɗaki tana kuka.

Ni ma na yi sakandare, Mahadi, an koya mana taswira. Wanda ya zana ta sai da ya taka ƙasar da ƙafarsa. Kai kwana biyar ka yi mana, uku a ciki kana yawon gaishe-gaishen Salla.

Man da ya lalace ba ya hana ni barci, gyaɗa ba ta ƙare a duniya ba. Abin da ya dame ni shi ne na aika Tsafe sau biyu, amsar da Dorcas ta bayar ita ce, "Mama tana hutawa." Jiya kuma Malam Jatau ya gaya mini Samuel zai zo ƙarshen wata ya kwashe ta da kayanta zuwa Zuru. In ta tafi a haka, ta tafi ke nan, kuma da wannan jar takardar za ta tuna gidana har ta mutu.

An ce waya ta dawo a cikin Gusau. Ba zan hau mota in je in kira ka ba. A waya sai ka cika ni da daɗin baki. A rubuce nake son amsarka.

Kwalin kuma na sauke shi da hannuna. Ban jira izini ba.

Mahaifiyarka,
Lantana

Abuja,
9 ga Oktoba, 2021

Inna,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki, ina gaishe da Zainab, ki ce mata ba laifinta ba ne, nawa ne. Lafiyata ƙalau, sai dai tun da na karanta wasiƙarki ban ji daɗin komai ba.

Na yi kuskure. Ban tambayi Mama Asabe komai ba kafin in rubuta aikinta. Maganar karatu kuwa, da na sake duba abin da na rubuta miki sai kunya ta kama ni. Ga takardarta nan a cikin ambulan daban, ban rufe ba don ki duba. An hana ni hutu sai wata mai zuwa, da da kaina zan je Tsafe.

Amma Inna, ki yarda in faɗi abu ɗaya ko da zai ɓata miki rai. Wata ɗaya kacal Mama Asabe ta yi ba ta nan, cikin mata takwas da ke da Zainab ba wanda ya gane gyaɗar ba ta da kyau sai da ta hau wuta. Shekara ashirin da huɗu, ba a zaunar da kowa kusa da ita ya koya ba. Na sa aikinta a wurin da bai dace ba, na yarda. Amma wannan giɓin ba ni na haƙa shi ba, na tarar da shi.

Don Allah kada ki aika kowa Tsafe a karo na uku. Ki je da kanki.

Ɗanki,
Mahadi

Bungudu,
16 ga Oktoba, 2021

Mahadi,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Ƙafar ta ɗan kumbura saboda zaman mota, amma ba komai. An fara kawo sabuwar gyaɗa.

Maganarka ta ƙarshe ta ɓata mini rai kamar yadda ka ce. Kwana biyu ina yi maka faɗa ni kaɗai a cikin ɗaki. Ba a koya wa uwa inda za ta je. Amma ranar Alhamis na je Tsafe, ba don ka ce ba, don wata ya fara nisa.

Na tarar da Asabe a inuwar dalbejiya a gidan Dorcas, akwatunanta biyu a ɗaure a bakin ƙofa. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, muka gaisa kamar baƙi. "Hajiya" take ce mini, ita da ba ta taɓa kira na da komai ba sai Lantana. Na miƙa mata takardarka. Ta juya ta, ta miƙa wa Dorcas ta karanta mata. Da aka gama Asabe ta ce, "Yaro ya iya rubutu. Allah ya yi masa albarka."

Na ce, "To ki yafe masa, ki dawo. Na yi masa faɗan da bai taɓa ji ba."

Ta ce, "Shi wa? Mahadi? Yaron da ya yi mini fitsari a baya ne zan riƙe a zuciya? Ban yi fushi da shi ba ko na kwana ɗaya. Zainab ma aike ta aka yi."

"To me ya kawo ɗaure kaya?"

Ta dube ni ta ce, "Ke. Kina tsaye a wurin. Mako shida ina tsayuwa a gaban 'ya'yan cikina ina ba da labarin abin da na yi jiya, kina kallo, kina jin daɗi ɗanki ya zo da ilimi. Na karanta takardar nan da ƙarfi don ki ji, ki ce a cire. Har na kai bakin zaure ina tafiya a hankali ko za ki kira ni."

Mahadi, gaskiyarta ce. Na rubuta maka cewa mamaki ne ya hana ni magana. Ba mamaki ba ne kaɗai. Ban so in ƙaryata ɗana a gaban ma'aikata ba, sai na bar ƙawata ta fita.

Ba ta tsaya nan ba. Ta ce, "Kin san abin da nake shirin faɗi ranar nan? Tambayarku ta uku, me ya tare miki gaba. Idona ne, Lantana. Tun bara hazo nake gani. Manyan baƙaƙe kawai nake iya karantawa, tsintar ma da yatsa da hanci nake yi. So nake in ce a ba ni Wasila da Zainab su zauna kusa da ni kafin abin ya ƙarasa. Irin wannan magana ana faɗar ta a tsaye? Ai sai an gaisa, zuciya ta kwanta. Ina cikin gaisuwar aka ce lokacina ya ƙare."

Dorcas ta ce yanar ido ce, ana iya yin aiki a cire, ta yi ta fama da ita ta ƙi zuwa asibiti wai kada aiki ya tsaya.

Na durƙusa a kan ƙafar nan tawa mai ciwo na roƙe ta gafara. Ta ce, "Tashi, tsohuwar banza, kada ki karye a ce ni ce." Ta ja ni muka zauna, muka yi kuka, Dorcas tana yi mana dariya. Kafin in taso ta sa an kwance akwati ɗaya. Za ta dawo ranar Litinin, kwana uku a mako, Wasila a damanta Zainab a hagunta. Bayan kaka za a kai ta a duba idon, ni zan raka ta. An aika wa Samuel kada ya zo da mota.

Giɓin da ka ce ka tarar, gaskiya ne, ka ji na faɗa sau ɗaya, kada ka saba. Kwalinka yana bayan ƙofar ɗakina, ban ƙona ba. In ka zo, kafin ka shigo wurina ka fara zuwa ɗakin Asabe ka durƙusa. Bayan nan in kana so ka sake zanen, ka sake, amma a ƙasa a kan tabarma, mata tara suna gaya maka inda kowane aiki yake.

Jiya da safe na tara su duka na gaya musu, kai ma ga shi a rubuce, kuma dokar ta hau kaina kafin ta hau kan kowa. A gidan nan ba za a ƙara taɓa aikin wani ba, ko a canza, ko a rage, ko a rubuta sunansa a wani wuri, sai an zauna da shi an gaisa, an tambaye shi, an kuma yi shiru har sai shi da bakinsa ya ce ya gama magana. Wanda kuma ya ga ana wulaƙanta wani a tsakar gidan nan ya ja bakinsa, shi zan fara sallama, ko da ni na haife shi.

Mahaifiyarka,
Lantana